Ina Juyi Sittin Suka Tafi?

Kowane moter na lantarki yana da wani ɗan faranti na ƙarfe manne a haƙarƙarinsa. Da Faransanci sunansa « plaque signalétique », da Ingilishi « nameplate ». Shi ne katin ɗan ƙasa na inji: ƙarfinsa, irin wutar da yake ci, da yawan juyin da yake yi a minti guda, duk suna nan a rubuce. In kun bi ta wurin mai injin niƙa da ke aiki da kuran a unguwarku, ku roƙe shi ya bar ku ku share ƙurar farantin ku karanta. Galibi za ku tarar da 1440 tr/min, ko 1420, ko 1450. Amma duk wanda ya zauna ajin lantarki, a Lise Teknik Ɗan Kasawa ne ko a jami'a, ya san lissafin da mushe ke yi a allo 1500 yake bayarwa cif. To ina sauran juyi sittin suka tafi?

Ratar nan tana da suna. Faransanci ya ce « glissement », Ingilishi ya ce « slip ». Duk ƙamus ɗin da ka buɗe haka zai ba ka, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da nake so mu duba tare a wannan fitowar shi ne yadda fassara za ta yi daidai a takarda, amma duk da haka ta sa mutum ya zubar da kuɗin da ya kwashe shekara yana tarawa.

Mu ƴan wannan yanki da harsuna uku muke tafe. Hausa a gida da kasuwa, Faransanci a lakwal, Ingilishi kuwa a jikin kaya: abin da ya shigo daga Kano, ko aka yi oda daga Sin da Indiya da Turkiyya, da Ingilishi yake zuwa. A wurin dangi kuma ɗan lakwal ɗan lakwal ne. Takardar likita kai, takardar fili kai, saƙon da ya shigo waya da baƙon harshe kai. In ka ce wannan ba fanninka ba ne, amsar ɗaya ce: « To mi kuke koyo can tun sahe har marece? »

Kawuna yana da injin ɓarar gyaɗa a bayan gari, nan Maraɗi. Tsohon inji ne ƙirar Faransa, na hannu ya saye shi. Aikinsa biyu ne: ya fasa ɓawo, sannan wata fanka mai siffar gidan katantanwa ta hura iska ta kwashe ɓawon ta bututu, tsabar gyaɗa ta zubo ita kaɗai. Wato shiƙar da iyayenmu mata ke yi da ƙwarya a tsaye cikin iska, ita ce aka damƙa ma ƙarfe. Da kakar bara iskar ta yi rauni. Ɓawo ya riƙa saura cikin gyaɗa, matan da ke kawo buhu-buhu don mai da ƙuli-ƙuli suka fara gunaguni, wasu suka ɗauke kayansu suka kai wani wuri. Kaka kuwa ba ta jiran kowa. In ta wuce ka sai baɗi.

Kawu ya yanke cewa moter ne ya gaji. Ya samo lambar wani Alhaji mai shagon injuna a Kano. Alhajin ya ce a turo mishi bayanin injin ta WhatsApp, amma da Ingilishi, don yaron da ke duba mishi katalog bai jin Faransanci. Ran nan Kawu ya ajiye mini takarda shafi biyu, duk baƙin mai ya ɓata ta.

« Kai da ke karatun kuran, maida muna wannan Ingilishi kahin la'asar. »

Na duba sama, na duba ƙasa, na ce: « Kawu, a ba ni kwana uku. »

« Kwana ukku? Kan takarda biyu? »

Ga abin da ya sa na nemi kwana ukun.

Shafi na farko na fanka ne. In ka ɗauko ƙaramin ƙamus ɗin nan na aljihu da muka saba da shi tun kolej, ka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya ka ɗauki ma'anar farko, dariya za ta kashe ka. « Arbre » itace ne. « Aube » asuba ce. « Couple » miji da mata. « Rendement » amfanin gona. « Débit » kuɗin da banki ya cire a asusunka. Ka ga ke nan injin Kawu yana da itace guda, da asuba goma sha biyu, da miji da mata masu tayar da shi. A bakin masu sana'ar kuwa « arbre » shi ne sandan ƙarfen da ke juyawa, Ingilishinsa « shaft ». « Aube » kunnen fanka ne, « blade ». « Couple » ƙarfin murɗawa ne, « torque ». « Rendement » shi ne kason ƙarfin da ya zama aiki cikin wanda inji ya ci, « efficiency ». « Débit » kuwa yawan iskar da ke fita a awa guda, « airflow ». Waɗannan masu sauƙi ne, don kuskurensu yana ihu, kowa zai ji shi.

Masu haɗarin su ne waɗanda ke shigewa shiru. Ɗauki « charge ». A shafi guda ta fito mini sau biyu, kowace da nata hali. « À pleine charge » na nufin moter ya ɗauki cikakken kayan da aka yi shi dominsa, wato « at full load ». Amma « perte de charge » babu ruwanta da kaya. Ƙarfin da iska ke rasawa ne yayin da take gogar bututu, tana karya kwana, tana kutsawa ta raga. Masu fanka na ce mata « pressure drop », masu famfon ruwa kuma « head loss ». In ka rubuta « loss of load », Ingilishinka bai karye ba, amma mai karatu zai ɗauka moter ne ya saki kayansa.

Haka « aubes à action » da « aubes à réaction ». Da ganin su za ka ce an huta, tun da Ingilishi ma yana da « action » da « reaction ». Sai dai masu fanka ba haka suke faɗa ba. Su siffar kunnen suke kallo: in ya lanƙwashe ya fuskanci inda ake juyawa, « forward-curved »; in ya kwanta baya, « backward-curved ». Bambancin ba na ado ba ne. Mai lanƙwasa gaba tana ba da iska mai yawa da ɗan juyi, amma in aka buɗe mata hanya sosai cin ƙarfinta hawa yake ta yi har ta iya ƙona moter. Mai kwanciya baya ta fi tattalin wuta, kuma cin ƙarfinta yana da iyakar da ba ya wucewa. In ka juya su a fassara, ka sa an sayo wata fanka daban. « Pression dynamique » ma, ko da yake « dynamic pressure » daidai ne, a katalog ɗin fanka « velocity pressure » ka fi gani. « Pompage » kuma, wato lokacin da fanka ke shaƙewa tana numfashi sama-sama don an toshe mata hanya, sunansa « surge », babu batun famfo a ciki.

Sai ma'auni, wanda shi ma harshe ne. Takardar Kawu ta ce 3400 m³/h. Katalogi da yawa na Ingilishi da CFM suke magana, wato ƙafa mai murabba'in akwati a minti guda. CFM ɗaya kusan 1,7 m³/h ne, don haka fankar Kawu CFM 2000 ce. Matsin iska an rubuta 200 mmCE, ma'ana iskar za ta iya ɗaga ruwa milimita 200 cikin siririn bututu. Wannan CE ɗin « colonne d'eau » ne, kuma babu ɗan Kanon da zai gane shi. Kowane mmCE kusan pascal 9,8 ne, jimla pascal 1960, ko inci 7,9 na ruwa, abin da suke rubutawa « in. WG ». Ƙarfin moter 4 kW ne. A kasuwa doki ake ƙirgawa, doki biyar da rabi ake ce mishi, amma dokin ma iri biyu ne: na Faransa, CV, watt 735,5 ne, na Ingila, HP, watt 745,7. A ƙaramin inji ratar ba ta da yawa, amma gara ka rubuta kW ɗin kusa da shi, kowa ya huta.

Akwai kuma waƙafi. Mu a lakwal 1,500 ɗaya da rabi muke karantawa. Mai Ingilishi dubu ɗaya da ɗari biyar zai karanta. Duk inda na ga waƙafi cikin lamba sai na maida shi ɗigo, ɗaya bayan ɗaya, ina bi da bakin bik. Can ƙasan shafin kuma akwai wani ɗan layi da ƙananan baƙaƙe, irin wanda ido ke tsallakewa: an auna komi da iska mai zafin digiri 20, mai nauyin 1,2 kg a kowace m³. Ku tuna Maraɗi cikin watan Afrilu. In iska ta kai digiri 45 nauyinta kan sauko wajen 1,11, matsin da fanka ke bayarwa ya ragu da kusan kashi 8 cikin 100. Mai fassarar da ya bar wannan layin don ya ga ƙarami ne ya ɓoye ma mai saye sharaɗin da duk lambobin ke tsaye a kansa.

Shafi na biyu na moter ne, kuma tun daga sunansa harsunan biyu suka rabu. Faransanci ya ce « moteur asynchrone », wato wanda bai tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar da ke jan sa. Ingilishi, ko da yake ya san « asynchronous », ya fi cewa « induction motor », wato wanda ake haifar ma wuta a cikinsa ba tare da an haɗa mishi waya ba. Ɗaya ya raɗa suna daga halin tafiyar, ɗaya daga dalilin tafiyar. Inji ɗaya ne, wanda Galileo Ferraris a Italiya da Nikola Tesla a Amurka suka fito da tushensa wajen 1888, sannan Mikhail Dolivo-Dobrovolsky ya ƙera irin mai waya uku da muke gani yau a Jamus cikin 1889. Cikinsa mai juyawa sanduna ne jere a kewaye, an haɗe bakunansu da zobba biyu. Kamarsa da keji ta sa aka ce mishi « cage d'écureuil », da Ingilishi « squirrel cage ». Kejin kurege ke nan. Kuma kamar kuregen tatsuniya, wayo gare shi: irin fankar nan mai ƙananan kunnuwa jere kamar ganga ita ma « squirrel cage » ake ce mata. In ka rubuta kalmar ita kaɗai, ba a san moter kake nufi ko fanka ba.

Yanzu ga amsar tambayar da na fara da ita. Naɗin wayar da ke jikin gangar moter, in wuta ta shige shi, yana haifar da ƙarfin maganaɗisu mai kewayawa. A moter irin na Kawu, sau 1500 yake kewayawa a minti. Wannan ƙarfin yana gitta sandunan kejin, gittawar ce ke haifar da wuta a cikinsu, wutar ce kuma ke sa kejin ya bi shi a guje. To a ce kejin ya cim mishi, suna tafiya daidai wa daida. Gittawa ta ƙare, wuta ta mutu cikin sanduna, ƙarfin murɗawa ya tafi. Duk wanda ya taɓa hawan moto iska na bayansa ya san wannan: in gudunka ya yi daidai da nata, ba ka jin ta ko kaɗan. Dole kejin ya kasance a baya kaɗan in ana so a ci gaba da tura shi. Juyi sittin ɗin nan su ne kuɗin shiga. 1500 a cire 1440, a raba da 1500, ya ba da kashi 4 cikin 100. In kaya sun ƙaru ratar ta buɗe, in sun ragu ta tsuke. In ƙarfin wuta ya faɗi ma ratar buɗewa take, don ƙarfin murɗawa yana bin volt ne ninki a kan ninki: volt ya ragu da kashi 10, murɗawa ta ragu da kashi 19, moter ya ɗau zafi.

Ko lissafin 1500 ɗin kansa sai an fassara shi. A kayenmu mun rubuta n = 60f/p. A littattafan Ingilishi za ka ga 120f/P. Duka daidai ne, sai dai ƙaramin p namu « paires de pôles » yake ƙirgawa, wato bibbiyu, babban P nasu kuma ɗaiɗai yake ƙirgawa. Takardar Kawu ta ce p = 2. In na kwafe haka na tura, aka karanta « 2 poles », moter mai juyi kusan 2900 za a ɗoro a mota daga Kano, a biyo da shi ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, ya iso yana gudu ninki biyu na wanda ake nema. Abin da ya kamata a rubuta shi ne « 4-pole ». Babu ƙamus ɗin da zai gaya maka cewa fassarar 2 ita ce 4.

A rana ta biyu Kawu ya zo da murna yana nuna mini hoto a waya. Alhajin Kano ya turo farantin wani sabon moter. « Duba nan, 1730! Wannan ya hi namu gudu, iska za ta samu. » Na buɗe hoton da yatsu biyu. Layi biyu ne a farantin: na sama 50 Hz, 1440; na ƙasa 60 Hz, 1730. Na ce, « Kawu, layin ƙasan ba namu ba ne, na irin su Amurka da Saudiyya ne. » Wutar Nijar da ta Najeriya duk 50 Hz ce, shi ya sa layin da ya taso daga Katsina ya shigo Gazawa yake iya ciyar da mu. A nan, 1440 ɗin dai zai yi.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga fanka, saboda wasu dokoki uku da muke kira « lois de similitude », masu Ingilishi kuma su ce « fan laws ». Yawan iska yana bin juyi kai tsaye. Matsi yana bin juyi an ninka shi da kansa. Cin ƙarfi kuwa sau uku ake ninkawa. In ka sayi fankar da katalog ɗinta na 60 Hz ne ka dasa ta a Zinder ko Tawa, juyinta zai koma biyar cikin shida. Iska ta koma kashi 83, matsi kashi 69, ƙarfin da take ci kashi 58. Ba wanda ya cuce ka, layin da ba naka ba ka karanta.

Daga nan na iso wurin da ya tsayar da ni. Kalmar « glissement » sau biyu ta fito a shafin. Ta farko a ƙarƙashin jadawalin lambobi, inda aka ce an yi lissafin da « glissement du moteur » a ciki. Ta biyu can wajen kula da inji, inda aka ce a riƙa duba « glissement des courroies ». Ingilishi ma kalma ɗaya zai ba su: « motor slip » da « belt slip ». In fassara ce kawai, na gama. Sai dai da na zo yi ma Kawu bayani da Hausa, bakina ya ƙi ba su suna ɗaya. Na farko rata ce da dole ta kasance, in babu ita moter bai jan komi. Na biyu santsi ne, kuruwa ce ke zamewa a kan puli, abin da mutanen Kano za su ce bel ya saki. Na farko lafiya ce, na biyu ciwo. Da na ji kaina ina faɗin haka, sai tambaya ta taso: to wanne ne ke damun injin nan? Babu wanda ya auna.

Na ce, « Kawu, kafin a tura takardar nan, a bari Baba mai naɗin moter ya zo ya duba. »

Dattijo ne da ya fi shekara talatin yana naɗa waya, bai yi lakwal ba, amma yana da ɗan abin awon juyi da yake ajiya cikin tsumma kamar layar gado. Aka tayar da inji. Ya ɗora a bakin sandan moter: 1460. Ya fi abin da ke rubuce a farantin ma. Pulin moter milimita 200 ne, na fanka 125, don haka ya kamata fanka ta wuce juyi 2300. Ya ɗora a nata: wajen 2050. Aka kashe inji, ya kama hannuna ya kai kusa da ƙaramin pulin.

« Ɗana, ji nan. »

Zafi kamar murfin tukunya. A ƙasa kuma ga baƙin garin roba ya taru.

« Moter lahiya lau yake. Kuruwa ce ta cinye, tana santsi. »

Na koma gefe na buga lissafi a waya. 2050 cikin 2300 kashi 89 ne. Iska ta ragu da kashi 11, matsi ya ragu da kashi 21. Ga inda ɓawon Kawu ya maƙale. Kuruwa mai lafiya kashi 1 ko 2 take zamewa, wannan ta wuce 10. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda « glissement » ɗin biyu suka yi hannun riga: da santsin kuruwa ya ƙaru, kayan da ke kan moter sun yi sauƙi, sai ratarsa ta tsuke, ya ƙara gudu. Wato moter ɗin da ake zargi da gajiya hutawa ma yake yi.

Na tambayi Baba yadda suke ce ma wannan ratar a sana'arsu. Ya yi murmushi ya ce: « Mu ba mu raɗa mata suna ba. Mun dai sani in moter ya ɗau kaya sai ya ɗan saki gudu. In bai saki ba, ba shi jan komi. » Abin da muka cika shafi uku na kaye a kansa, da haruffan Girka da komi, ga shi cikin numfashi biyu.

Kuruwa biyu aka sayo nan cikin gari, aka ɗaure su yadda ya kamata. Kuɗin bai kai jika goma ba, moter kuwa da ya haura jika ɗari kafin a yi maganar mota da kan iyaka. Takardar na ƙarasa ta duk da haka, an tura ma Alhaji don wata rana, an kuma ba shi haƙuri. Kawu bai ce na gode ba, kun san halin kawunne. Cewa ya yi, « Ashe dai ana koya muku wani abu. »

Tun daga nan na riƙe wata hanya, ga ta ga mai so. Kafin in nemi kalmar Ingilishi, sai na faɗi abin da Hausa tukuna, a jimla ɗaya, yadda mai gyara zai gyaɗa kai. In na kasa, to ban gane ba ke nan, kuma duk abin da na rubuta kwafe ne. Faransanci da Ingilishi sun yi kama da juna ƙwarai, rabin kalmomin fasaha uwarsu ɗaya, shi ya sa kana iya tsallakawa daga wannan zuwa wancan ba tare da abin ya bi ta kanka ba. Hausa ba ta ba ka wannan gadar. Dole ka sauka ƙasa, ka taɓa ƙarfen, sannan ka hau ta ɗaya gefen. Bayan haka sai in nemi katalog ɗin masu ƙera irin injin da Ingilishi, in ga yadda su da kansu suke faɗa. Ga kalmomin lantarki kuma akwai ƙamus ɗin hukumar IEC, mai suna Electropedia, kyauta a intanet, Faransanci da Ingilishi gefe da gefe, kowace kalma da bayaninta. Ga fanka, in kun ga an ambaci ISO 5801 ko AMCA 210, ƙa'idojin gwajin ne, kar ku taɓa su, ku kwafe yadda suke.

Kun dai ji cewa kundin da aka fitar a watan Maris na 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Kowa da ra'ayinsa a kai, ba shi na kawo ba. Abin da na gani shi ne aikin da na yi a kan tabarma cikin kwana uku zai zama aikin yau da kullum na da yawa daga cikinmu. Tsofaffin injunanmu da takardunsu Faransanci suke ji, sababbin da ke shigowa Ingilishi, masu aiki da su kuma Hausa. Wani zai tsaya a tsakiya. In wanda ya tsaya ɗin kalmomi kawai ya sani, za a sayi abin da ba a buƙata, a ƙona abin da ke da lafiya, kuma talaka ne zai biya.

Don haka ga shawarata ga ƴan ƙungiya. Mu buɗe kaye guda, kowane shafi gida huɗu: Faransanci, Ingilishi, ma'auni, da bayanin Hausa a layi ɗaya. Sharaɗin shiga gida na huɗu shi ne a karanta ma mai sana'ar ya yarda, ko makanike ne, ko mai walda, ko ungozoma, ko mai haƙar rijiya. Duk wanda ya tafi sitaj ya dawo muna da kalma goma. Abin da ya taru sai mu riƙa buga shi a bangon baya na wannan ɗan littafi, tun da dama farin shafi muke biya ma kuɗin fotokopi. Ni na buɗe da biyu. « Glissement du moteur », « motor slip »: ratar juyi, wadda in babu ita moter bai jan kaya. « Glissement des courroies », « belt slip »: santsin kuruwa, a ɗaure ko a sake. In wani yana da kalmar da ta fi « rata », ya kawo ta zama na gaba mu yi gardama. Ƴan ginin ƙasa, ƴan aikin gona, ƴan likitanci, saura naku.